Kunnen da ke Ƙarshen Sanda

Da asuba, tun rana ba ta fara dukan duwatsu ba, na bi wani dattijo da ɗan ƙanwarsa zuwa wani fako da ke bayan garin Agadas. Dattijon yana cikin mutanen da suka yi dajin zinaren Jado tun tashin farko, kuma duk unguwarsu Kawu ake ce masa, har mu da ba mu haɗa jini da shi ba. Da muka isa ya shimfiɗa tabarma, ya kwance bakin buhu, ya fito da fayafai uku na roba ya jera su. Na farko bai wuce murfin kwanon sha ba, na biyu kamar faifan rufe tuwo, na uku kuwa ya kai faɗin tiren mai talla. Yaron, wanda ke shirin tafiyarsa ta farko zuwa dajin zinare, ko tunani bai tsaya yi ba ya kai hannu kan babban.

"Ajiye shi," in ji Kawu. "Ka gai da ƙasar tukuna?"

"Wace irin gaisuwa kuma, Kawu?"

Dattijon bai tanka ba. Ya tsuguna ya ɗebo ƙasa a tafin hannu, ya murza, ya duba launinta, ya ɗan taɓa a harshe. Sannan ya ɗauki digarsa mai maganaɗisu a ƙeya ya ja ta cikin ƙurar. Da ya ɗago, baƙin yashi ya yi mata gemu. Ya kai ta har gaban hancin yaron. "Ka ga wannan? Shi zai gaya maka faifan da za ka ɗaura."

Wanda bai san sana'ar ba, idan ya hango mai na'urar neman zinare, sai ya ɗauka mai shara ne: sanda a hannu, a kai dama, a kawo hagu, in ta yi kuka a haƙa. Masu sayarwa su ma akwatin suke tallatawa, da maɓallansa da lambar da ke jikinsa. Amma duk wanda ya daɗe a dajin zai gaya maka akwatin tafinta ne kawai, abin da aka ba shi yake fassarawa. Mai jin maganar ƙasa shi ne wancan zagayayyen abu da ke ƙarshen sandar, wanda Larabawan Sudan ke kira ɗabaƙ, masu Faransanci su ce disk, mu kuma ba mu da sunan da ya fi dacewa da shi kamar faifai. Ko aikinsu ma ɗaya ne da faifan kaba da uwayenmu ke bakace da shi, wato raba abin so da tarkace. Kuma kamar yadda mace ba ta tankaɗe garin tuwo da rariyar wake, haka gwanin na'ura ba ya shiga kowace ƙasa da faifai guda.

Ta gabas wannan na'ura ta iso mana. A ƙarshen shekarun 2000 rububin zinare ya tashi a arewacin Sudan, ya ƙara ƙarfi bayan ɓallewar Kudu a 2011, wadda ta tafi da mafi yawan man fetur ɗin ƙasar. Na'urar da ta yi tashe a lokacin ita ce GPX 4500 ta kamfanin Minelab na Ostireliya, wadda ta fito a 2008. Daga nan abin ya bi hamada kamar wutar daji: Jabal Amir a Darfur a 2012, duwatsun Tibesti na Cadi a 2013, Jado a watan Afrilun 2014, Cibarakaten kusa da iyakar Aljeriya a wannan shekarar, sai Muritaniya a 2016. A Jado zinaren ƙwayoyi ne da dunƙule a warwatse kusa da fuskar ƙasa, shi ya sa ta zama ƙasar masu na'ura har zuwa 2017 da gwamnatin Nijar ta rufe wurin. A Cibarakaten kuwa yana cikin jijiyar dutse, sai an haƙa rijiyoyi an bi shi. Dubban mutane sun riƙe na'ura a waɗannan shekaru, Hausawa da Tubawa da Buzaye da Zagawa da Larabawa. Kaɗan ne daga cikinsu suka koyi faifai.

Idan ka fasa robar, ba za ka tarar da wani abin mamaki ba, wayar tagulla ce siririya aka naɗe ta zagaye bisa zagaye. Lantarki na bi ta cikinta yana sauyawa, sai ta tura ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa. Duk ƙarfen da wannan ƙarfi ya taɓa, wani ɗan lantarki yakan motsa a jikinsa, shi ma ya mayar da nasa raunanan martani. Faifai ya kama, akwati ya mai da shi sauti. Tushen wannan ilimi Michael Faraday ne ya gano shi a Ingila a 1831. Shekara hamsin bayan haka, a 1881, da aka harbi shugaban Amurka James Garfield, Alexander Graham Bell ya haɗa wata na'ura irin wannan don ya gano inda harsashin ya maƙale. Na'urar ta yi ta ƙara, harsashi bai samu ba, kuma cikin abin da ya rikita ta har da wayoyin ƙarfen da ke cikin gadon da majinyacin ke kwance a kai.

Gadon nan shi ne ciwon kan mai neman zinare har gobe. Faifai bai san zinare ba, duk ƙarfen da ya gifta zai yi masa kuka, kuma ƙasar da zinare ke so yawanci cike take da sinadarin ƙarfe: marmara, jar ƙasa, baƙin yashin nan da ya yi wa digar Kawu gemu, da wasu duwatsu masu nauyi da ke sa na'ura ihu alhali babu komai a cikinsu. Ƙwayar zinare mai girman ƙwayar dawa tana raɗa ne a tsakiyar kasuwa. Duk bambancin da ke tsakanin fayafai ya taru ne a kan tambaya ɗaya, wato yadda za a ji wannan raɗa ba tare da hayaniyar kasuwar ta cika kunne ba.

Kafin a zo kan faifai sai an san gidan da na'urar ta fito, domin gida biyu ne. Na farko shi ne wanda ake rubuta wa VLF a kwali. Wannan tana aikawa tana saurare a lokaci guda ba tsayawa, kuma gwargwadon saurin kaɗawarta gwargwadon ƙanƙantar zinaren da take ji. Gold Bug 2 ta kamfanin Fisher na Amurka, wadda ta fito a 1995, tana kaɗawa sau 71,000 a daƙiƙa ɗaya. Gold Monster 1000 ta 2017, wadda ta bazu a kasuwannin Afirka saboda sauƙin sarrafawa, sau 45,000. Irin waɗannan kan ji ɗan ɓarɓashin da ido ma sai ya ƙura kafin ya gani, amma jar ƙasa na saurin toshe musu kunne, ba sa nisa a cikinta. Gida na biyu shi ne PI. Kawu ya kwatanta ta da mutumin da ya leƙa rijiya ya kira suna, ya yi shiru yana jiran amsa. Takan buga, ta ɗauke, ta saurara. Yawancin martanin ƙasa yakan mutu da wuri, na ƙarfe ya ɗan jima, a wannan ɗan taƙin take kama shi. Da Minelab, kamfanin birnin Adelaide, ya fito da SD 2000 a 1995 bisa aikin masanin kimiyya Bruce Candy, tsofaffin filayen zinaren Ostireliya da aka ɗauka sun ƙare sai suka sake haihuwa. Faifan gida ɗaya ba ya aiki a ɗaya gidan. Wasu sababbin na'urorin ma, irin GPZ 7000 da GPX 6000, ba sa karɓar faifai sai wanda kamfaninsu ya amince da shi.

Naɗin wayar iri uku ne aka fi sani, kuma kowanne da siffar jinsa a cikin ƙasa.

Akwai mai zobe cikin zobe, babban zobe na aikawa, ƙarami a tsakiya yana karɓa. Jinsa kamar mazurari yake, faɗi a sama, tsini a ƙasa. Ya iya nuna daidai inda abu yake, kamar an sa yatsa, amma da zarar ƙasa ta yi ja sosai sai ya fara surutu. Na'urorin VLF ne ke amfani da shi.

Akwai DD, wanda sunansa ya fito daga siffarsa: naɗi biyu masu kama da harafin D, sun ba juna baya, sun ɗan hau kan juna a tsakiya. Ɗaya na aikawa, ɗaya na karɓa. Jinsa siriri ne kamar kaifin wuƙa, ya miƙe daga goshin faifan zuwa ƙeyarsa, yana yanka ƙasa yanki-yanki. Tunda ɗan siririn wuri yake saurare a lokaci guda, hayaniyar ƙasa ba ta cika masa kunne. Shi ne mai haƙurin cikinsu. A na'urorin GPX 4500 da 5000, da shi kaɗai ake iya sa na'ura ta yi ƙoƙarin bambanta baƙin ƙarfe da sauran ƙarafa, abin da ke da amfani a tsohon zango inda gwangwanin kifi da ƙusa da gutsuren waya suka cika wuri. Kuɗin wannan haƙuri shi ne zurfi: in ƙasa mai sanyin hali ce, DD ba ya kai inda takwaransa mai girma ɗaya zai kai.

Takwaran nan shi ne mono, naɗi ɗaya tak, shi ke bugawa shi ke saurare, don haka sai a gidan PI ake samunsa. Ya fi nisa, ya fi kaifin ji, kuma gefensa na da wani irin kaifi ga ƙananan ƙwayoyi, har gwanaye kan karkata shi su soka bakinsa cikin rami don su san ta wane ɓangare abin yake. Amma mono ba ya ɓoye komai. Ƙasa ta yi tari zai faɗa maka, hadari ya yi walƙiya a can nesa inda ko gajimare ba ka gani zai faɗa maka, wani ya kunna janareta a zango ko ya matso da tasa na'urar zai faɗa maka. Daga baya masu ƙera fayafai irin Coiltek da Nugget Finder sun fito da mono da aka shimfiɗa wayarsa a kwance kamar saƙar faifan kaba, maimakon a ɗaure ta dami guda. Jinsa ya ƙaru, surutunsa a mugunyar ƙasa shi ma ya ƙaru.

Sai girma, inda yaron Kawu ya fara tuntuɓe, kuma inda kusan kowane sabon shiga ke tuntuɓe. Ido na ganin babban faifai sai zuciya ta ce babban rabo. Gaskiyar da ke ciki rabi ce. Faifai mai inci 18, wato kusan santimita 46, yana kai wa dunƙule mai nauyi a zurfin da ƙarami ba zai taɓa jin ƙamshinsa ba, kuma kowace kaiwa da kawowa yana share fili mai faɗi. Amma ƙarfinsa ya bazu a kan ƙasa mai yawa, ƙwaya ƙarama sai ta ɓace a ciki kamar gishiri a kogi. Yana kuma haɗiye hayaniyar ƙasa da ta sama daidai faɗinsa. Mai inci 5 ko 6 kuwa duk ƙarfinsa a dunƙule yake wuri guda. Yana jin abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na giram ba in yana kusa, yana shiga tsakanin duwatsu da gindin ƙaya, ƙasa ba ta cika tayar masa da hankali. Sai dai ba ya nisa, kuma wanda ya ce zai share hamada da shi zai tsufa bai gama kwari ɗaya ba. Shi ya sa kamfanoni suka fi haɗa na'ura da matsakaici, inci 11 ko kusa da haka, wanda ba ya zarra a komai kuma ba ya kunyata mai shi a komai.

Siffa ma tana da nata hukunci. Zagayayye ya fi mai siffar ƙwai nisa idan tsawonsu ɗaya ne. Mai siffar ƙwai ya fi sauƙin nauyi, yana kutsawa cikin lungu, kuma yana share faɗi daidai tsawonsa. Nauyi kuwa ba ƙaramar magana ba ce ga mai kaɗa sanda tun hantsi har la'asar. GPZ 7000 ta haura kilo 3, GPX 6000 ta tsaya a kilo 2.1, kuma kowane giram da ke ƙarshen sanda kafaɗa na jin sa ninki-ninki. Akwai ɗamara da igiyar roba da ake rataya na'urar a jiki, amma duk da haka gajiyayyen hannu yakan ɗaga faifai sama, ya kuma yi gaggawa. "Babban faifai a hannun gajiyayye," in ji Kawu, "ƙaramin faifai ne mai nauyin banza."

Da na tambaye shi dalilin taɓa ƙasa a harshe, sai ya nuna gabas da haɓa. Jado tana maƙwabtaka da Kawar, ƙasar Bilma da gishirinta, kuma a hamada akwai kwaruruka da dama da gishiri ko kanwa suka kwanta a ciki. Gishiri, musamman in ya sami ɗan laima, yana ɗaukar lantarki, sai fili gaba ɗaya ya zama kamar ƙarfe guda shimfiɗaɗɗe. Babban mono a irin wannan wuri yakan yi ta nishi, sama in ka kai dama, ƙasa in ka kawo hagu. Maganinsa a rage girman faifai, a rage sauri, ko a koma DD. Faifan DD mai inci 14 na GPX 6000 an yi shi ne musamman don abu biyu, kashe kukan gishiri da kashe hayaniyar lantarkin da ke yawo a iska. Baƙin yashi a maganaɗisu, ɗanɗanon gishiri a harshe, yawan duwatsu a fili, tarkacen da mutane suka bari, da irin zinaren da aka saba samu a wurin: waɗannan biyar Kawu ke dubawa kafin ya kwance buhu.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ya kallon fayafan nan a matsayin kishiyoyi. Ma'aikata ne a gona ɗaya, kowa da ranarsa. In ya shiga sabon wuri da ba a san ko akwai ko babu ba, matsakaici zuwa babba mai siffar ƙwai yake ɗaurawa, ya yi ta tafiya yana bin gefen tudu da bakin busasshen rafi da inda farin dutse ya farfashe. Ba ya neman ya kwashe komai a wannan zagaye, ƙwaya ɗaya yake nema, domin zinare ba ya cika kwana shi kaɗai. Da ya samu sai tafiya ta ƙare, noma ya fara. Ya kafa duwatsu a kusurwa huɗu, ya ɗaura matsakaicin mono in ƙasa ta yarda, DD in ta ƙi, ya bi filin layi-layi yana jan ƙafa don sawunsa ya nuna masa inda ya wuce. Ya gama daga gabas zuwa yamma, ya sake bi daga kudu zuwa arewa, saboda ƙwayar da ta kwanta a karkace takan yi shiru ta wannan fuska ta yi magana ta waccan. Wannan shi ne girbi. Bayansa sai kala: a kwashe duwatsun sama da manjagara, a ɗaura ƙaramin faifai, a bi a hankali kamar mai neman allura. Daga ƙarshe, in ƙasar mai zurfi ce, sai babban ya fito, a tafi da shi sannu-sannu ana sauraron wani abu mai nauyi da ke can ƙasa. Mutane da yawa a Jado zagaye ɗaya suka yi da faifai ɗaya, suka ce wuri ya ƙare, suka tayar da mota.

Faifai kuma ba ya aiki shi kaɗai, sai da hannu da kunne. Na ga Kawu ya kunna na'ura, ya ɗaga faifan ya sauke sau da yawa a wuri guda har kukan ƙasar ya lafa, abin da ya kira sulhu da ƙasa. Sannan ya saita sautin har ya zama siririn kuka mai ɗorewa kamar na sauro a bayan gidan sauro. Wannan kukan shi ake saurare. Zinare mai zurfi ba ya ihu, ɗan lanƙwasa kukan sauron kawai yake yi, ya ɗan yi sama ko ya ɗan nutse, kuma wanda hankalinsa ke gida ba zai ji ba. Faifan yana shafar ƙasa kamar ana guga, ba ya ɗagowa a ƙarshen kaiwa. Dalilin a lissafe yake: idan abu ƙarami ne kuma ya yi wa faifai nisa, ninka nisan sau biyu na iya rage ƙarfin amsar har kusan sau 64. Yatsa biyu na iska tsakanin faifai da ƙasa yatsa biyu ne na zurfi da aka zubar. Kowace kaiwa tana hawa kan rabin wadda ta gabace ta, musamman da mono, domin a can ƙasa jinsa ya tsuke.

In ya ji abin da ya yi masa kama, ba ya rawar jiki. Yakan share saman da gefen takalmi, takalmin da babu ƙusa ko ƙarfe a jikinsa, ya sake gwadawa. In sautin ya ɓace ko ya bazu ya yi faɗi, ƙasa ce ko dutse. In ya ƙara tsini ya ƙara ƙarfi, sai diga. Ƙasar da ya haƙo yakan ɗebe ta da ludayin roba ya gifta a kan faifan, ya raba biyu, ya zubar da rabin da ya yi shiru, ya sake rabawa, har abin ya rage a tafin hannu. Ba zobe a yatsarsa, ba agogo. Sau tari abin da ke fitowa harsashi ne, domin dalma da zinare kusan murya ɗaya gare su, ko gutsuren gwangwani, ko takardar azurfar kwalin taba. Ya ce wanda ya gaji da haƙo dalma ya gaji da zinare.

Kula da faifan kansa wani fanni ne. A ƙarƙashinsa akwai murfin roba da ke kare shi daga gurzar duwatsu, kuma baƙin yashi na son shiga tsakani. In ya taru, na'ura za ta yi ta kukan ƙarya duk inda aka kai ta, mai ita ya yi ta zagin ƙasa alhali laifin na cikin takalmin faifansa. Wayar da ta hau sanda in ta yi sako-sako tana kaɗawa, ita ma ƙarya take sa na'ura. Rana in ta take, ƙasa kan ƙara surutu, shi ya sa gwanaye suka fi son sanyin safiya da yamma, wasu har dare. Ga kuma jabu. Da kasuwar ta buɗe, na'urori da fayafan kwaikwayo sun cika kasuwannin Afirka, kamanninsu sak, jinsu rabi, kuma mutum ba ya ganewa sai ya yi kwanaki cikin hamada ya ƙone mai da ruwa da guzuri. Ba a fafe gora ranar tafiya. Fakon nan da muka je filin gwajin Kawu ne: ya binne 'yan gutsattsarin dalma masu nauyi daban-daban a zurfi daban-daban, ya san wurin kowanne, kuma duk faifan da zai bi shi daji sai ya fara cin jarrabawa a nan.

Akwai kuma abin da babu faifan da zai yi. Ba ya jin garin zinare. Zinaren da ya watsu cikin dutse kamar ƙura, irin wanda ake daka a niƙa a wanke a Zamfara, na'ura za ta wuce ta kansa shiru ko da dutsen na da arziki. Wancan aiki ne dabam mai haɗarinsa dabam, kamar yadda gubar dalma ta nuna a 2010 lokacin da ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan jihar. Ba ya kuma jin abin da ke zurfin gaba biyar ko goma, duk abin da mai talla zai rantse a kai. Ko dunƙulen da ya fi kowanne suna cikin waɗanda na'ura ta gano, wanda Kevin Hillier ya tono a 1980 kusa da Kingower a jihar Victoria ta Ostireliya, mai nauyin kilo 27 da ɗoriya, zurfinsa bai wuce kusan santimita 30 ba. Irin wannan kowane faifai zai ji shi, ko a hannun wa yake. Rabo ne, kuma rabo ba a koyar da shi. Abin da ake koyarwa shi ne yadda za a ji wanda bai kai ƙwayar wake ba, a ƙasar da mutum ɗari suka riga suka tattake.

Da rana ta ɗan ɗaga, Kawu ya bar yaron ya ɗaura babban da ransa ke so. Ya bi filin yana kaɗawa da ƙarfin samartaka, ya tsaya wuri biyu, ya haƙo dalma biyu manya, ya dawo yana murmushi.

"Nawa ka samu?"

"Biyu, Kawu."

"Bakwai na binne."

Ya sa shi ya kwance, ya ɗaura matsakaicin DD. Kukan ƙasar ya kwanta, uku suka ƙara fitowa. Ya sa shi ya ɗaura ɗan ƙaramin, ya ce ya rage sauri har sai ya ji kunyar kansa. Can a gindin wani dutse, inda babban faifan ko kusa bai iya matsawa ba, yaron ya tsaya cak, ya karkata kai, ya sake gifta faifan sau uku. Na shida ke nan, bai kai ƙwayar gero biyu ba. Na bakwai bai same shi ba har muka naɗe tabarma, Kawu kuma ya ƙi faɗa masa inda yake.

A hanyar komawa na ce masa, "Kawu, cikin ukun nan wanne ya fi kawo maka?" Ya laluba aljihun 'yar shararsa ya fito da wata 'yar kwalbar magani, ya girgiza ta kusa da kunnena. 'Yan ƙwayoyi ne a ciki, babbarsu ba ta kai ƙwayar masara ba, ya ajiye su don tunawa. Ya ce bai taɓa tono abin da ya cika masa tafin hannu ba. Ɗakuna biyun da ya gina da auren 'yarsa da ya yi, duk irin waɗannan ne, akasarinsu daga wuraren da masu manyan fayafai suka ce sun ƙare. Yaron yana biye da mu da buhu a kafaɗa, bai ce uffan ba. Da muka zo tsallake wani busasshen rafi sai na ga ya dakata, ya tsuguna, ya ɗebo ƙasa ya murza, ya kai harshe.